Ɗanyen Hoto

Katin kyamarata ya cika dam,
dubu biyu da ɗari bakwai, duka ɗanyu,
kamar fatun layya kashegarin Sallah,
in ba su je majema ba, ba jaka, ba takalmi.
Ɗanyen hoto ba ya gaisawa da ido,
fuska a murtuke, launi a kwance,
amma komai na ciki, har abin da duhu ya haɗiye.

Wata takwas ina zarya wurin Malam Sallau maɗinki,
a zaurensa na Kwarbai, inda haske ke shiga a karkace.
Ran Laraba ya rasu.
Bayan sadakar bakwai 'yarsa Tasalla ta zo shagona a Tudun Wada,
ta ce, "Guda ɗaya nake so, Jafaru,
wanda yake zura zare a allura yana dariya."

To, wace manhaja zan ba jimar?

Ta farko 'yar haya ce.
Hannunta da sauri, ga iya ajiya,
ka ce mata "allura", ta zaro maka arba'in,
ta jere su reras kamar kwanuka a kanta.
Sai dai duk ƙarshen wata ta miƙo hannu,
kuma ba ta san naira ba.
Watan da banki ya ƙi katina
ta bar ni in leƙa, ta hana ni taɓawa,
ni da gumina,
kamar ɗan haya da aka sauya wa kwaɗo.

Ta biyu wani yaro ya ɗura min a filas a Sabon Gari,
dubu da ɗari biyar, "Har abada, Oga."
Abadan ya yi sati uku.
Ta tafi da hotunan sunan jikan Hajiya Barmani,
har yau in na hango motarta a Kwangila sai in sha kwana.

Ta uku dannawa ɗaya ce tak.
Na ba ta Malam don gwaji,
ta goge masa shekara talatin,
ta share tsagar kumatunsa,
ta haska shi kamar mai shafe-shafe,
shuɗin rigarsa ya koma na ledar kanti.
Kyau kam akwai.
Ni dai ban san mutumin ba.

Saura ta kyauta,
wadda waɗanda ban taɓa gani ba suka haƙa,
suka bar ta a buɗe kamar rijiyar masallaci.
Maɓallanta sun fi tsakuwar Kufena yawa,
ba fara'a, ba sannu da zuwa.
Nafi'u, ɗalibin zane a Samaru, ya ba ni dare biyu,
muna ɓarar gyaɗa, janareto na tari,
ya ce, "Kar ka fizga. Inuwa lallashinta ake."

Na ja kaɗan.
Bangon zaure ya fito, da ƙusar da yake rataye carbi.
Na ƙara.
Zaren tsamiya ya taso daga duhu,
ga aska takwas, rabi a ɗinke, rabi har yanzu zanen tawada,
ga kantar yatsa,
inda allura ta shekara hamsin tana ƙwanƙwasawa.
Nan na tsaya.
Giɓin haƙorinsa ban taɓa shi ba.

Ajiya kuwa da hannu na yi ta,
shekara, unguwa, suna,
kwafi ɗaya a jakata, ɗaya gidan yayata a Hanwa,
wanda maciji ya sara, ko tsumma tsoronsa yake.

Da Tasalla ta karɓa ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Can ta ɗora yatsa a gefe, nesa da fuskar,
wurin da jiya baƙi ne wuluk,
ta yi dariya, hanci na tsiyaya,
ta ce, "Ashe bayan ƙyaure ya ɓoye almakashin Inna.
Tun azumi muke nema."